Aninin Goggo

Tun ba a yi gadar Jimeta ba, shekarar da kogin Binuwai ya cika har ya cinye gonakin unguwar Bako, aka ce in ƙetare ruwa ni kaɗai in je aikatau gidan wani Babarbare. Ina kuka a bakin kwale-kwale, Goggo ƙanwar babana ta kwance bakin zanenta. Na zaci sule za ta ba ni, ko taro. Sai ga anini, ɗan fari mai huda, wanda sai ka tara goma kafin su zama kwabo.

Na ce, "Goggo, wannan me zai saya?"

Ta zura masa zare, ta ɗaura mini a wuya, yana ƙamshin man shanu. Ta ce, "Bingel, yarinyata, sule kashe shi za ki yi. Wannan ko ɓarawo ya raina shi. Shi zai zauna da ke."

Ya kuwa zauna. Ko lokacin da 'yan gudun hijirar Mubi suka cika gidana a Demsawo, na sayar da awarwarona na ciyar da su, yana wuyana.

Bana jikana ya kawo wani mai tara tsofaffin kuɗi, wai irin aninin nan ya yi wuya, in faɗi farashi. Na ce wa mutumin, "Ɗana, da yana sayuwa, da yunwa ta riga ka."

Waɗanda suka ga ɗaurin nan, saura ni da wata Dudu ta unguwar Alkalawa. Sai shi aninin.