Tafkin da Ke Gyatsa

Tun da takin gonakin shinkafa ya mai da tafkinmu kore shar, laka ta taru a ƙasansa tana ruɓa. Hukuma ta kafa doka: ba nutso, ba caka gora, ba jan taru, domin in aka motsa lakar, iskar da ke kwance cikinta za ta taso ta shaƙe gari.

Jiya ɗana Nafi'u ya bi akuyarmu cikin gansakuka, bai fito ba.

Da hantsi na tafi gidan Baba Jatau, Sarkin Ruwa, wanda a da shi ke ciro duk wanda ruwa ya ci. Na durƙusa.

"Baba, gawa kawai nake roƙo, mu yi masa sutura."

Ya ce, "Tanko, da hannuna na koya wa yaron nan iyo. Amma ka manta mutanen Tudun Kuka? Gora ɗaya aka caka, ko kajinsu ba su tsira ba. Jikokina a bakin ruwan nan suke barci."

Na miƙe na fito. Ni ma ƙannen Nafi'u suna gida.

Na iske Kulu, uwarsa, zaune a gaɓa da likkafani a cinya. Kumfa na tasowa ɓul-ɓul daga laka kamar kullum, da warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Ta kama mini riga. "Malam, dubi! Yana numfashi."

Na zauna kusa da ita, na ce, "Na gani."