Finjalin da Ya Huce

Jabiru ya karɓi finjalin gahawa da hannun dama, ya ajiye shi bisa darduma, domin bayanin da ya shirya yana buƙatar hannu biyu.

Tun zuwansa daga Zariya yake aiki da Amatullah a wani kantin magani na unguwar Madain Fahd a ƙasar Larabawa, bai taɓa iya furta mata abin da ke ransa ba, kwangilarsa kuma ta kusa ƙarewa. Yau ta sa an gayyace shi gidansu. Burinsa bai wuce mahaifinta, Alhaji Abdulkahar, haifaffen Karantina, tsohuwar unguwar Hausawan can, ya ji daɗin hirarsa har ya sake kiransa ba. Shi ya sa ya daɗe yana tambayar masu sayen magani sunan gahawa a harsunansu.

"Baba, kalmar nan ta yi yawon duniya," in ji shi. "Larabawa suka ce ƙahwa, Turkawa suka karɓa suka ce kahve. Faransawa kafe, mutanen Holan kofi, a Indonesiya kopi, a Filifin kape. A Larabci mace ce, tana isa Faransa ta koma namiji!"

Dattijon bai yi dariya ba. Finjalin yake kallo.

Raed, yayan Amatullah, ya yi gyaran murya, ya nuna darduma da haɓa. Jabiru ya ɗauka ƙarfafa shi ake yi, sai daɗi ya kwashe shi. Ya bayyana yadda kalmar ta shigo Hausa sau biyu: gahawa ta hamada, kofi ta teku cikin gwangwani.

"Ya waladi," Alhaji ya katse shi, "su wane ne iyayenka?"

Ya faɗa. Aka tambaye shi unguwarsu, da malaminsa, da sana'ar kakansa. Daga nan dattijon ya miƙe ya shige cikin gida.

Jabiru ya bi shi da kallo. Ya tabbata surutunsa ya kore mai gida daga falonsa. Ya fara laluben takalmansa da ido.

Alhaji ya dawo fuskarsa a sake, ya zauna.

"Halas, shi ke nan. Sha gahawarka."

Jabiru ya kurɓe ta a sanyaye, don ladabi. Nan take guɗa ta tashi daga ɗakin mata, Raed ya rungume shi har hularsa ta faɗi.

"Mabruk, ya sheikh. Wallah ban zaci kana da wannan zuciya ba."

"Wace zuciya?" Jabiru ya tambaya.

"A gidan nan baƙo ba ya ajiye finjali bai sha ba sai in aure ya zo nema. Baba ya shiga ya tambayi Amatullah, ta ce ta yarda."