Jar Alkyabbar Cedric Thwaite

Ranar da jita-jitar ta iso Harbeck, Cedric Thwaite yana bakin kasuwar Asabar yana gaisawa da mai sayar da cuku, yana kiran sa da sunan da ba nasa ba. Matarsa Hilda ta raɗa masa sunan gaskiya, sannan ta tambayi mutumin ya jikin mahaifiyarsa.

Shekara talatin da ɗaya Cedric yana wakiltar garinmu a Majalisar Wakilai a Landan. Sau takwas muna zaɓen sa, kuma da za ka tare ɗayanmu ka tambayi dalili, sai ya sosa ƙeya. Abin da muka sani dai, in ka kai kuka ofishinsa, amsa na zuwa cikin mako, an buga ta tsaf da tafireta, kuma rufin makarantar da ke yoyo sai ya daina. Shi kansa ba ya zaman sauraron koke. Ciwon kai ke kama shi duk ranar sauraron, sai ya bar Hilda da jama'a.

Jam'iyya ta gaji da shi tuntuni. Sau uku ana lallaɓa shi ya sauka, yana cewa sai dai a fitar da shi a akwatin gawa. Majalisar Dattawa kuwa, wadda ba a zaɓen 'ya'yanta, jam'iyya ce ke miƙa sunan mutum ya zauna har ya mutu, ba irin ba'ar da bai yi mata ba. Gidan ajiye tsofaffi yake ce mata, wai da sanda ake shiga, a kwance ake fita.

To, sai ga shi an ce sunansa na cikin waɗanda za a miƙa bana. Bakin nan ya mutu murus.

Ashe wasiƙu aka yi ta aika wa shugaban jam'iyya na ƙasa daga Harbeck. Mawaƙan coci sun rubuta, masu lambu sun rubuta, har tsofaffin ma'aikatan masaƙa da ya taɓa kira malalata, kowa na roƙon a saka wa Cedric. Ya karanta kwafinsu har da ƙwalla, don bai taɓa sanin ana son sa haka ba. Gaskiya mu ma ba mu sani ba. Har gida aka kawo mana takardar, da kek mai ɗumi, muka sa hannu.

Abu ɗaya ya tsaya masa a wuya. Duk wanda ya karɓi sarautar Lord ya shiga Majalisar Dattawa, sai ya ajiye kujerarsa ta Wakilai, ba komowa, ko ƙuri'a ba zai sake jefawa a zaɓen majalisa ba. Ga kuma Dennis Oakshott, shugaban jam'iyya na garinmu, wanda ya shekara goma sha biyar yana haɗiyar yawu a kan kujerar. Cedric ya tsani mutumin nan, kuma ya rantse hannunsa na cikin wasiƙun.

Ya tafi wurin Aubrey Lisle, bulaliyar jam'iyya, mai tsawatar wa 'ya'yanta a majalisa.

"Kun ɗauke ni wawa ko? Ku ɗaga ni sama, Oakshott ya zauna a wurina?"

"Haba, Cedric," in ji Lisle. "Oakshott ba zai ko shinshina kujerar nan ba."

"A rubuce nake so."

Lisle ya rubuta nan take, yana murmushi.

A gida ya tambayi Hilda ra'ayinta, abin da bai saba ba. Tana guga, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Ni me na sani a siyasa, maigida? Amma jar alkyabbar dattawa za ta yi maka kyau."

Ya ajiye kujerar ranar Litinin. Mako uku ya yi a Landan yana jayayya da jami'in da ke tsara sunayen sarauta, wai sai an zana masa rago mai ƙaho a tambarinsa, ba tunkiya ba. Hilda ta zauna a Harbeck, ta ce dole wani ya kwashe takardun ofis.

Ranar rantsuwa aka yafa masa jar alkyabba ta haya, farin gashin wuyanta na warin kafur. Tsofaffi biyu suka sa shi a tsakiya, ɗaya na tari, ɗaya na jan ƙafa. Ya rusuna inda aka ce ya rusuna, ya yi rantsuwa, ya sa hannu. Shi ke nan, ƙofa ta rufe. Hilda ta kalla daga bene, ta taya shi murna, ta wuce kafin a kawo shayi don kada jirgin ƙarfe huɗu ya bar ta.

Wurin shayin ne ya tuna da kujerarsa, ya ja hannun Lisle.

"Wa kuka tsayar? A faɗa masa ya zo ya gaishe ni. Ba mai cin Harbeck ba da albarkata ba."

"Kwamitin garinku ya gama jiya, baki ɗaya. Har Oakshott ya ɗaga hannu." Lisle ya tura masa faranti. "Ci kek, ranka ya daɗe. Ka fita daga wannan wahalar har abada."

Abin ya ɗan dame shi. Oakshott bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba sai kansa.

Washegari Lord Thwaite na Harbeck ya sauka a tashar garinmu da tsakar rana, yana ɗaga wuya yana neman masu busa da masu tafi. Ba kowa. Duk muna zauren gari. Ya ɗauki jakarsa da kansa, ya fito yana huci, sai ya ga an manne bangon tasha da fastocin jam'iyyarsa, gam ɗin ma bai bushe ba. Ya lalubo tabarau ya matsa kusa.

Hilda ce, da sabuwar hula, a ƙarƙashin hotonta an rubuta: Ku zaɓi wadda ta daɗe tana amsa wasiƙunku.