Jirgin Gwangwanin Madara

Jethro ya tsaga gwangwanin madara da almakashi, ya shimfiɗa shi a kan benci, ya bi shi da ƙaramar guduma har ya kwanta. Wannan zai zama fiffiken dama. Mutumin da ya yi suna a Kakuri wajen miƙe jikin mota, ga shi zaune a tsakar gidan haya a unguwar Trikania ta Kaduna yana ƙera jirgin sama mai tsawon kamu biyu. Maƙwabta suka ce wasan yara ne. Ina! Hankalin matarsa Ebele yake neman cetowa.

Ebele tana yarinya lokacin yaƙin basasa. Ranar wata kasuwa a ƙauyensu can gabas, tana goye da ƙanwarta Chinwe, wani tsohon jirgi mai farfela biyu ya sauko ƙasa-ƙasa ya yi ɓarin wuta. Ebele ta tashi ta ruga. Har gida ta kai goyon tana lallashinta, ba ta san gawa take ɗauke da ita ba.

Shekaru suka ja, ta zo Kaduna, ta yi aure, ta haifi Monday, abin ya lafa. Sai bana ya dawo mata sabo fil. Jirgi na giftawa sai ta shige ƙarƙashin tebur tana kiran Chinwe. Watan jiya tana suyar ƙosai a bakin titi wani ya wuce, ta kifar da kasko, mai ya sale ƙafar Monday. 'Yan'uwanta suka ce in ba ta warke kafin Kirsimeti ba, za su mayar da ita gida, yaro ya zauna wurin ubansa.

Mama Comfort, shugabar zumuntar mata ta cocinsu, ita ta kawo shawara. "A ƙera mata jirgin nan, ta gan shi ɗan mitsitsi a hannunta," in ji ta. "Mu yi addu'a, ta zuba masa kananzir ta cinna wuta da kanta."

Da farko Jethro ya ƙi, ƙememe. Sai da ya wanke ƙunar ɗansa da hannunsa sannan ya ce to.

Shi dama ba mai yawan magana ba ne. In aka tambaye shi yaƙi, sai ya ce ai a siton sojoji ya ƙare nasa, yana jidar buhunan gari. Kunnensa na hagu ba ya ji, ya ce hayaniyar guduma ce. Kullum da tawul a wuyansa, ko zafi ko sanyi. Ebele ta taɓa sayo masa wani ja mai kyau, washegari ta tarar ya zama tsumman goge inji, har ta yi fushi.

Amma wajen aiki, kai, Jethro bai iya rabi-rabi ba. Wayar lema ta zama haƙarƙarin jirgi. Tsohon silifas ya ba da tayoyi, cokulan shayi suka zama farfela, tagogi kuwa da baƙin fim ɗin hoton asibiti ya yanka su. Kowace ƙusa ta jikin jirgin sai da ya ɗiga ta da tsinin allura.

Ebele takan zauna a kan turmi tana faɗa masa abin da ta gani daga ƙasa: cikin jirgin toka-toka, zirin baƙin mai a bayan inji, ƙofa a buɗe hangam. Abu ɗaya kawai ta haɗiye, wanda har Mama Comfort ba ta taɓa ji ba.

"Ƙofar tana dama," ta ce wata rana.

"Hagu," ya ce, bai ɗago ba.

"Ka gani ne, Baban Monday?"

Ya nuna mata hoton da ya yago daga wata tsohuwar mujalla. Hoton hancin jirgi ne kawai, amma ta bar zancen, ai masu sana'a sun fi ta sani.

Aiki na nisa, Jethro na ramewa. Ya daina taɓa tuwo. Ya koma ƙera cikin jirgin, inda ba wanda ya sa shi, yana zura hantsaki ta ƙofar nan da ba ta kai faɗin akwatin ashana ba. Ebele ta ji tausayinsa ya kama ta, ta ce a ranta Allah ya ba ta miji.

Ranar Asabar matan zumunta suka cika tsakar gida, suka yi waƙa, suka yi addu'a. Jethro ya ɗora jirgin a kan bulo, ya koma jikin bango yana share wuya. Mama Comfort ta miƙa wa Ebele kwalbar kananzir. "Dube shi da kyau, 'yata. Gwangwani ne kawai."

Ebele ta durƙusa ta leƙa ta ƙofar hagu. Ga bencina, ga igiyoyi, ga 'yan gangunan bam a jere a kan wata hanyar turawa, abubuwan da ba a gani daga ƙasa. A bakin ƙofar wani ɗan mutum na waya ya durƙusa, hannuwansa biyu a kan ganga.

Kwalbar ta suɓuce daga hannunta. Ta juya a hankali ta dubi mijinta, shi kuma bai kawar da ido ba.

A wuyan ɗan mutumin an ɗaura jan zare, daidai inda jan tawul ya yi ta kaɗawa a wuyan mutumin da ta hango a ƙofar jirgin a ranar kasuwar, abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba.