Aljihun "Sauransu"

Da rahoton sabuwar ma'aikaciya a kan majeman Damagaram ya iso teburinsa, sai ya zaro katin da zai cike masa. Shekara talatin yana tsara kalmomin da ake neman littafi da su a ɗakin karatun ma'aikata, amma wannan yarinya ta jiya-jiya ita darakta ke yabo.

Ya san littafin da aka ba kalmar da ba tasa ba, an binne shi ke nan. Bai rubuta "Jima" a katin ba, bai rubuta "Lafiyar ma'aikata" ba. Ya rubuta "Sauransu", ya jefa a aljihun kabad ɗin da bai taɓa bari ko kati ɗaya ya kwana ciki ba.

Shekara biyar da ajiye aiki, ya leƙo. Ita ce shugaba yanzu.

"Baba, na gode," in ji ta. "Duk ɗan lakwal, ɗalibin da son sani ya sa ya ja aljihun nan, ni kaɗai yake tararwa. Sau uku muna sake wa rahoton bango saboda yawan masu karanta shi."

Ya nemi katin littafin da shi ma ya taɓa rubutawa. Yana nan ƙarƙashin kalmar da ta dace, cikin 'yan'uwansa ɗari huɗu, fari fat, ba yatsan da ya taɓa shi.