Mai Ɗaga Yaɗon Dankalin Maƙwabciya

Duk wanda ya tsinci takardar nan ya yi haƙuri da rubutuna, ban iya tsara zance ba, kuma a ɓoye nake yi a bayan littafin lissafi. Wani misali ne Kaka ta ba Goggo jiya da la'asar, ina gefe ina tsince shinkafa. Ba da ni take ba, amma ni ya soka.

Ta ce wasu mata biyu ne suke haya a gida ɗaya, akwai ɗan fili a bayan ɗakuna, suka raba, kowa kunya uku. Rana ɗaya suka yanko yaɗon dankali suka dasa. Na ɗayar ya riga kamawa, ganye ya yi kore shar, duk wanda ya shigo sai ya tsaya ya yaba. Ɗayar kuwa ko ruwa ta zo zuba wa nata, idonta na kan na maƙwabciya. Sai ta lura duk inda yaɗon ya kwanta a ƙasa yana sakin 'yan saiwoyi farare a gaɓoɓinsa. Ta ce a ranta, to nan ne ransa yake. Kullum in waccan ta tafi kai niƙa, sai ta lallaɓa ta bi yaɗon ɗaya bayan ɗaya tana ɗagawa, saiwoyin na tsinkewa, ta mayar ta kwantar kamar ba a taɓa ba. Nata kuwa ko kaza ba ta bari ta raɓa. Ya bazu, ya kafe ko'ina, har cikin kwari.

Bayan wata huɗu aka zo haƙa. Ashe shi dankali in aka bar yaɗonsa ya kafa saiwa ko'ina, ƙarfinsa rabuwa yake yi. Masu noman ma da gangan suke bi suna ɗagawa don abincin ya taru a gindi. Mai hassadar ta sa fartanya, sai 'yan tsirara kamar yatsu, ko feruwa ba za su yi ba. Waccan kuwa kowane gindi sai ta sa hannu biyu, ƙasa har ta tsage. Ta ciko kwando ta kawo mata, ta ce, "Ungo ki dafa wa yara. Ni wallahi ban san me na yi masa ba."

Kaka ta ce shi ya sa Hausawa suka ce hassada ga mai rabo taki ce.

Goggo dariya ta yi. Ni kuwa shinkafar ma na daina gani. Sati biyu kafin jarrabawa ni na ɗauke wa Rumasa'u littafinta na kimiyya, ƙawata ce tun aji ɗaya, don na gaji da jin malamai suna kiran sunanta. Ta yi kuka, ta ari nawa ta kwafe shi kaf daga farko, garin kwafa ta haddace. Ita ta zo ta ɗaya. Har alawa ta saya min, wai littafina ne ya taimake ta.

Nata yana nan ƙarƙashin katifata. Gobe in na je zan ce mata... ga Umma can tana kirana, in ta shigo ta ga ina