Gashin Jaririya

Tun da ruwan famfo ya koma ja, gashi bai sake zama a kan kowa ba a unguwarmu. Wanki ɗaya yake cinye shi har saiwa. Shi ya sa ranar sunan 'yarta, Kubura ta ƙi miƙa wa Baba Barau wanzami jaririyar.

"Baba, a bar mata. Iya gashin da za ta yi ke nan a duniya."

"Da me kike wanke mata kan, 'yata?"

"Ruwa bai taɓa shi ba. Man kaɗanya nake shafawa, in goge da tsumma."

Mata suka matso suna kallon baƙar sumar, kowacce tana jawo ɗankwalinta gaba. Wata tsohuwar mai kitso ta roƙi a bar ta ta taɓa.

Baba Barau ya mayar da askarsa cikin zabira, ya dafa kan yarinyar ya yi mata addu'a. Da ya ɗaga hannu, gashin ya biyo tafinsa.

Ya daɗe yana kallonsa. "Ke wane ruwa kike sha?"

Jaririyar ta fara laluben nono, Kubura kuwa ta ba ta.